Gurbin Tauraro

A Whitby, garin masunta,
inda iskar teku ke shafa wa tagogi gishiri,
Tamsin ta buɗe gwangwanin biskit na marigayiya kakarta.
Maɓallai, tsinken gashi, rasit na gyaran takalmi,
sai hoton wani ƙaramin jirgin kamun kifi.
A bayansa kalma ɗaya tilo
da rubutun Enid mai kwanciya gefe:
desiderium.

Ta tambayi wayarta, wayar ta ja mata jan layi,
wai ko kuskure ta yi.
Ta sauko da ƙamus, mai nauyin jariri,
can ta same ta a rakuɓe
kamar baƙuwar da aka manta ba a kai wa ruwa ba:
bege mai ƙuna
na abin da ka taɓa riƙewa, ya suɓuce.

Kakanta Wilfred yana kicin.
Shekara talatin da ɗaya yana koyar da Latin
kafin makaranta ta ce harshen matattu ba ya kawo aiki.
Ya goge tabarau da gefen rigar sanyi,
ya daɗe yana duban jirgin.

Ya ce, ba tamu ba ce, aro muka yi wurin Rumawa,
kuma ko ƙurarta ba mu kaɗe ba.
Tana da jika da ta bi ta bakin Faransawa,
ta rame, ta yi santsi,
ita ce kalmar sha'awa da kike gani a allon talla,
ana sayar da turare da ita.
Waccan hannu take miƙawa gaba.
Wannan waiwaye take yi.

Ya jawo takardar burodi, ya tsaga kalmar gida biyu da fensir.
De, in ji shi, rabuwa ce, nesa da.
Sidus kuwa tauraro.
Masana ba su gama gardama a kai ba,
wasu sun ce zato ne kawai,
ni dai na fi son zaton:
mutum a tsakiyar ruwa da dare,
ya ɗaga kai wurin da ya saba ganin jagoransa,
sai baƙin sarari.

Jirgin fa?

Na Alwyn ne, ƙanenta.
Ya fita wata Talata da asuba, da burodi da shayi a gora.
Filafili ɗaya teku ta mayar.
Kakarki ba ta taɓa son Latin ba,
takan ce surutun kaburbura ne.
Amma wani dare ina gyara jarrabawar yara
ta leƙo ta kafaɗata, ta ɗora yatsa, ta ce mece ce wannan?
Na gaya mata.
Ba ta ce uffan ba, ta koma wanke-wanke.
Ashe ɗauka ta yi.

Butar ta yi fito.
Ya sauke kofi uku daga kanta,
ya tsaya,
ya mayar da ɗaya.

Sa rigarki, ya ce.
Suka bi matakalar dutse a hankali,
yana hutawa bayan kowane goma,
har saman tudu, gefen kangon tsohuwar majami'a.
Gajimare ya rufe sama ruf.
Fitilun tashar jirage ne kaɗai ke rawa a kan ruwa.

Tamsin ta ce, Kaka, babu ko ɗaya.

Ya ɗaga sandarsa ba tare da lalube ba,
ya nuna wani wuri sama da hasumiyar fitila,
ɗan hagu kaɗan.
Nan yake, ya ce.
Wanda bai taɓa ganinsa ba, duhu kawai zai gani.

Suka ɗan jima a tsaye.
Sanyi ya fara cin yatsunta,
hoton yana cikin aljihunta,
gefensa yana sukar tafin hannu.